Tukunyar Ƙullun Gwaggo

Daga Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya wata Laraba da hantsi, kanta a kan cinyata, bayan doguwar jinya a asibiti. Kafin la'asar an kai ta makwancinta. Ni na ɗauka zaman makoki irin na talakawa za mu yi a ɗan gidanmu na Nyanya: mu 'yan gida, dangin da za su zo daga Zariya, sai maƙwabta. Ashe ban gama sanin matar da ta raine ni ba.

Washegari, tun ba mu gama shimfiɗa tabarmi ba, mata suka fara sallama. Ga wata Bakatsiniya daga Zuba, mai rumfa a bakin kasuwar kayan marmari. Ga wata tsohuwa daga Abaji da jikarta ke ja da sanda, Hausarta sai an kasa kunne. Ga wasu daga Karu, daga Mararaba, daga Gwagwalada, wasu da hijabi, wasu da ɗankwalin zuwa coci. Kowacce ta durƙusa ta yi gaisuwa, sai ta ƙara da magana ɗaya, wai Mama ce ta ba ta iri. Ƙanwar marigayiya, wadda muke kira Gwaggo Ƙarama, ta iso daga Zariya da safen nan. Ta yi ta kallonsu tana jan carbi, can ta karkato ta tambaye ni ko yayarta noma ta koma yi a Abuja ba su sani ba.

Na ce mata a'a, irin waina suke nufi. Gwaggo mai waina ce. Kullum in ta gama suya takan rage ludayi guda na ƙullun ranar a wata 'yar tukunyar ƙasa, ta zuba shi cikin sabon markaɗe, shi ke tayar da na gobe. Ba ta taɓa sa yis ba, ta ce abin 'yan burodi ne. Wannan ragowar ƙullun shi take kira iri. Gwaggo Ƙarama ta dafe ƙirji ta ce, wai irin nan na mahaifiyarsu, wanda aka ba yayarta cikin kayan ɗaki, shi ne har yanzu yake raye? Na ce shi ne. Na faɗa da ɗaga kai, don ni nake ganin kaina mai gadinsa.

Ana cikin haka sai ga 'yar maƙwabta.

Haka nake ce mata, duk da ta bar maƙwabtaka da mu shekaru da yawa. Tun daga bakin ƙofa ta saki kuka irin nasu, da murya sama, ta wuce mu duka ta zube a ƙofar ɗakin Gwaggo tana kiran Mama. Mu an hore mu da kukan zuci, sai dai hawaye da salati. Matan Zariya suka dubi juna. Gwaggo Ƙarama ta tambaya a hankali, wannan kuma 'yar wane ɗakin ce. Kafin in buɗe baki Bakatsiniyar nan ta Zuba ta riga ni, ta ce ai Autar Mama ce, mai masa ta Masaka. Sai na ga mata suna tashi daga gabana suna komawa wurinta, suna dafa kafaɗarta suna ba ta haƙuri. Ni da na kwana a simintin asibiti har bayana ya ƙage, ina zaune ina kallo ana yi wa wata ta'aziyyar uwata. Wallahi kishi ya taso min har wuya, a ranar da bai kamata a ce akwai komai a raina ba sai addu'a.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Allah bai ba ta haihuwa ba, ana yaye ni aka ɗora mata ni a baya. Ban san wata uwa ba sai ita. To ku gaya min, ta ina aka samo auta a ɗakin da 'ya ɗaya ce tak?

Bayan sadakar uku Gwaggo Ƙarama ta kira ni ɗaki. Ta ce su ba za su koma ba sai an yi bakwai, kuma ranar bakwai ba ta son a sayo wainar sadaka a waje. Tana so a soya a gidan, da irin mahaifiyarsu, da hannun 'yar da marigayiya ta bari, kowa ya ci ya yi mata addu'a. Na ce ba komai, an gama. Raina ya yi fari, don na ga ranar da za a san wace ce 'ya. Na shiga kicin na ɗaga murfin tukunyar. Wari ya buge ni. Ƙullun ya bushe ya tsattsage, baƙin fumfuna ya rufe shi. Tun da aka kwantar da Gwaggo ban kwana gida ba, iri kuwa abu ne mai rai, in ba a ba shi sabon markaɗe ba mutuwa yake yi. Na mayar da murfin, na zauna a kan turmi. Ban gaya wa kowa ba.

A nan zaune na tuna yadda tukunyar ta zo garin nan.

A Ikko na yi wayo. Mijin Gwaggo, wanda nake kira Baba, masinja ne a wata ma'aikata, ita kuma tana soya waina a bakin layinmu a Obalande. Da aka fara cewa kujerar mulki za ta tashi zuwa Abuja, unguwa ta ruɗe. Abokan aikin Baba suka yi ta cewa daji ne, ba kasuwa, ba ruwa, sai macizai. Wasu suka nemi canjin aiki, wasu suka bar iyalinsu a baya. Baba ma ya so ya mayar da mu Zariya. Gwaggo ta ce ina, in kujera ta tashi, masu zama a gindinta ma tashi za su yi, kuma duk wanda ya tafi da cikinsa zai tafi. Inda aka tara masu yunwa da safe, in ji ta, mai tanda ba ta taɓewa.

Ranar tafiya aka yi rigima a gindin babbar motar da ta kwashi kayan ma'aikata. Wuri ya yi kaɗan, dole a bar wani abu. Gwaggo ta bar gadonta na ƙarfe, ta ba wata Bayarabiya maƙwabciyarmu, amma ta naɗe tukunyar ƙullu da jiƙaƙƙen zani ta rungume a cinya. Baba ya yi ta mita har Ibadan, wai a duk matan duniya tasa ce kawai za ta bar gado ta ɗauki tsami. Ita ko kallonsa ba ta yi ba. In zanin ya bushe sai ta yayyafa masa ruwan shanmu.

Mun wuce Lakwaja, muna shiga Abaji motar ta yi tari ta mutu. Direba ya tafi neman kayan gyara, muka yini muka kwana a gindin mangwaro. Kowa na lissafin kansa, Gwaggo na lissafin tukunyarta, don iri ya fara jin yunwa. Ta kwance mudun shinkafarta ta jiƙa, ta ja hannuna muka shiga wani gida da ba mu san kowa ba. Matar gidan ba ta jin Hausa sosai, Gwaggo ba ta jin yarenta, da hannu aka yi maganar har aka fito mana da dutsen niƙa. Gari na wayewa Gwaggo ta kafa duwatsu uku ta ɗora tanda. Wani akawu Inyamuri da ya yi ta tsaki tun daga Ikko, da wata mata mai buga tafireta, da yaran mota, duk suka kewaye ta. Kafin mu tashi ta koma gidan, ta zaunar da matar a gaban tanda ta nuna mata yadda ake zubawa da yadda ake juyawa, sannan ta cika mata ludayi a ƙwarya. Tsohuwar da jikarta ta jawo da sanda ranar makoki, ita ce matar.

Abujar da muka tarar jar ƙasa ce da duwatsu da motocin gini. A Nyanya aka ba ƙananan ma'aikata kwatas, ɗakuna a jere iri ɗaya, sai ka shiga na wani ka ɗauka naka ne. In ka cire Gwarawan da aka tarar a ƙasarsu, ba wanda aka binne cibiyarsa a wurin. Kowa baƙo, kowa ya zo da tukunyar garinsu. Da yamma in aka ɗora girki, layi ɗaya za ka ji ƙanshin daddawa da manja da busasshen kifi da gwate. Gwaggo ta kafa tandarta daidai inda bas ɗin ma'aikata ke ɗiban mutane. Masa suke ce wa wainar. Ta yi ta gyara musu har ta gaji ta bari.

Tana da ɗabi'unta a bakin tanda. Da asuba in ta ɗaga murfi takan gaida tukunyar, ta tambaye ta ko ta tashi lafiya. Da ɗan ƙaramin yatsa take ɗanɗana ƙullu ta san yawan ruwan kanwar da zai karya tsamin. Wainar farko ba ta sayarwa, duk wanda ya fara wucewa nasa ne, ko oga ne ko mahaukaci. A kan iri kuwa tana da ƙa'ida da ba ta karyawa. Ba a sayar da shi, ba a hana shi. Ba a aiko wani ya karɓa, mai so ita za ta zo da ƙafarta da kwanonta. In ta zo sai ta zauna ta soya tanda guda a gaban mai bayarwa, don a ga ba za ta je ta wulaƙanta shi ba. Sannan Gwaggo ta riƙe ludayi a kan kwanon ta ce, "Wannan daga Zariya ya je Ikko, daga Ikko ya zo nan. Ke ina za ki kai shi?" Sai an faɗa mata sunan gari take zubawa.

Ni tun ina yarinya abin ba ya min daɗi. Abin gidanmu ne, na kakata. Kowace mace da ta fita da kwano sai in ji kamar an yanki wani abu nawa an ba ta.

'Yar maƙwabta kuwa ƙofarsu na kallon tamu. Daga tsaunukan Filato suke, Kiristoci, mijinta direba ne a ma'aikatarsu Baba. Ta girme ni da 'yan shekaru. Wata rana mijin ya tafi kai takardu Ikko, hatsari ya ci shi a hanya. Ba a daɗe ba aka ce ta bar ɗakin, tunda mai aikin ya rasu. Ga yara biyu, ba sana'a, dangin miji sun kwashe abin da za su kwasa. Gwaggo ta same ta zaune a kan akwati a waje. Ba ta yi mata dogon wa'azi ba. Ta ɗauki ƙaramin yaron ta goya, ta ce da ita ta taso ta riƙe mata wuta. Suka zauna a ɗakinmu, ni aka matsar da tabarmata bakin ƙofa. Baba ya so ya yi magana, Gwaggo ta ce masa a garin da kowa baƙo ne, wanda ya rasa rufi ɗan'uwan wanda ke da shi ne. Alheri ne, ban musa ba. Amma daga wannan alherin baƙin cikina ya fara.

Ni na fi shekara goma ina wanke shinkafa, ina kai markaɗe, ina hura wuta har idanuna su yi ja. Ban taɓa jin Gwaggo ta ce na iya ba. Ko sunana ba ta kamawa, tunda matsayin 'yar fari nake a wurinta. Daga "ke" sai "wannan yarinyar". Amma 'yar maƙwabta na juya waina guda ta fito da jan baki, sai ka ji Gwaggo na cewa masu saye su zo su ga hannu, wannan Auta tata da tanda aka haife ta. Na san alkunya ce. Na san Bahaushiya ba ta yabon nata a gaban mutane. Sanin bai taɓa sanyaya min rai ba ko sau ɗaya. Abin da ya fi ƙona min rai, tun da aka ce mata Auta sai ta ɗauki kirana Yaya, ita da ta girme ni. Har yau haka take kirana, ni kuwa ban taɓa buɗe baki na ce mata Auta ba.

Da ta samu ɗaki a Masaka, Gwaggo ta ba ta iri, ta haɗa mata da tandarta ta biyu, wadda ni na sa wa ido tun ina ƙarama. Kafin wani lokaci sai labari ya fara iso mu. Wai layi ake yi a rumfarta. Wai ranar Lahadi in an tashi daga coci ba masaka tsinke. Wai masu biki daga cikin gari suna aiko da kuloli. Mu muna nan bakin titi da 'yan kwastomominmu na kullum. Na shirya takanas na je in gani da idona. Me zan gani? Wainar kakata an jera ta a faranti, an kwarara mata miyar agushi. Wani na ci da farfesun kayan ciki, wani da miyar ganye mai yauƙi. Taushe na can gefe a ƙaramar tukunya, sai wanda ya tambaya. Kuma na ji da kunnena wani yana gaya wa abokinsa wai masa ai abincin mutanen Masaka ne.

Na dawo gida ina huci. Na ce wa Gwaggo ga abin da Autarta ta yi da gadon gidanmu, ta ɓata shi, ta kuma raba wa wasu, har sunanmu ya ɓace a kai. Tana tsince shinkafa a faifai, ba ta ɗago ba. Ta ce in zauna. Ta ce ita kakata da nake taƙama da ita, da gero ta fara waina, shinkafa daga baya ta shigo, tsofaffin lokacin suka ce an ɓata abu. Sukarin da nake zubawa kuwa a Ikko ta koya, don bakin mutanen can yana son zaƙi. Ta tambaye ni miyar agushin ma, wa ya koya min ci, ba a gidan Bayarabiyar da ta ba gado nake lashe kwano ba?

"Ke kina so ki rufe shi a tukunya ɗaya ki zauna a kai," ta ce. "Ranar da tukunyar ta fashe fa?"

Na ce mata ai dama Hausawa sun faɗa, naka sai naka, daɗin zama sai bare. Ta ɗago ta dube ni, ta ce hassada ga mai rabo taki ce, in tashi in kai markaɗe kafin a ɗauke wuta. Muka yi kwanaki daga gaisuwa sai gaisuwa. Ita ba ta janye ba, ni ma ban janye ba, haka muka ci gaba da zama muna suya a tanda ɗaya har tsufa ya sa ta sakar min cokali.

To ga shi tukunyar ba ta fashe ba, amma abin da ke cikinta ya mutu, bakwai kuma na matsowa. Na yi tunanin yis. Ƙulli ɗaya a shagon bakin layi, wa zai sani? Gwaggo Ƙarama za ta sani, a bakin mahaifiyarta ta san wainar. Ko ba ta sani ba, ni zan sani, in tsaya a kan sadakar Gwaggo in ciyar da mutane abin 'yan burodi da sunanta. Na ja Bakatsiniyar Zuba gefe na bugi cikinta. Ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ita ta daɗe da haɗawa da yis, don kasuwa ba ta jira. Na Abaji ya mutu tun da idon tsohuwar ya tafi. Duk wadda na tambaya sai ta ce ai in na ainihi ake nema, wanda ba a taɓa gauraya shi ba, sai wurin Auta. Kai, har na tsani jin kalmar. Na so in aiki wani, ƙa'ida ta hana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ɗauki kwanon samirar Gwaggo na sa a jaka, na ce wa mutanen gida zan je cefane.

Da hantsi na isa Masaka. Rumfar ta ƙara girma, tanda uku a jere, benci cike da direbobi da 'yan kasuwa. Tana hango ni ta miƙe, tana ganin kwanon ta tsaya cak. Idanunta a kumbure suke, na lura, kuma ban so na lura ba. Ta ce min sannu da zuwa Yaya, ta ce ta san abin da ya kawo ni, tun a asibiti take tunanin tukunyar amma ta ji tsoron yi min magana. Ta miƙo hannu wai in kawo kwanon ta zuba min a bayan rumfa, ba sai kowa ya gani ba.

"Ba haka ake yi ba," na ce.

Ba zan karɓi alfarma a hannunta ba. In ƙa'ida ce, ta gidanmu ce, ni na fi ta saninta. Na naɗe hijabina, na ja kujera 'yar tsugunno na zauna a gaban tandar tsakiya. Ita ce tandar Gwaggo ta biyu, na gane ta da ɗan tsagin da ke gefe. Masu ci suka bar ci suna kallon baƙuwa. Na zuba mai, na ɗebi ƙullu. Yana taɓa ƙasar tanda ƙanshin ya taso, wannan tsamin mai sanyi da na tashi a cikinsa, wanda tun da aka kwantar da Gwaggo ban shaƙa ba. Hawaye suka zubo min. Na bar su a kan hayaƙi ne. Na juya wainar ɗaya bayan ɗaya, ba wadda ta ƙone, ba wadda ta fashe.

Ta durƙusa kusa da ni ta rage murya. Hausarta irin ta garin nan ce, mace da namiji duk ɗaya.

"Yaya, haka Mama ya zauna. A wannan kujera, da wannan kwano."

Na ce wace Mama, yaushe. Ta ce shekarar da aka yi rusau a bakin titin Nyanya, lokacin ina Zariya wankan jegon ɗana na fari. Motar rusau ta zo ba shiri, ta bi ta kan rumfa da tukunya da komai. Gwaggo ta sayi sabuwar tukunya irin waccan, ta hau bas ta zo Masaka da kwanonta. Ita 'yar maƙwabta ta zube ƙasa tana roƙo, ta ce abin kunya ne uwa ta soya a gaban 'ya. Gwaggo ta ce ƙa'ida ba ta san uwa ba, ta zauna ta soya tanda guda, ta sa ta riƙe ludayi ta faɗi hanyar da ya biyo. Da za ta tafi ta ja mata kunne kada ta gaya min, wai zuciya gare ni. Ta ce amma duk ranar da na zo da ƙafata da kwano, to a gaya min.

Na zauna da cokali a hannu. Ɗana na fari yanzu har ya yi gemu. Duk shekarun nan da nake ɗaga kai ina gadin tukunya, ina harara in an zo karɓa, ina cewa namu ne na asali, nata kwaikwayo, ashe daga rumfar agushi ya fito. Kuna tsammani kunya na ji? Kishi na ji, sabo fil. Ita ta ga Gwaggo da kwano a hannu tana nema, ni ban taɓa gani ba. Ita aka ba sirri ta riƙe. Ko wannan ma ita aka ba.

Ta riƙe ludayi a kan kwanon, ta faɗi garuruwan ɗaya bayan ɗaya har Masaka, ta tambaye ni ina zan kai shi. Na ce gidansu. Ta zuba, ta ƙara rabin ludayi.

Na wanke tukunyar na shanya, na ba irin sabon markaɗe, washegari na ƙara, har ya cika roba. Ranar bakwai tun da sassafe na kafa tanda a tsakar gida, ban bar kowa ya taɓa min cokali ba. Wainar farko na miƙa wa wani mai tura ruwa da ya fara wucewa. Gida ya cika, malamai suka yi addu'a, aka fara rabo. 'Yar maƙwabta ta zo ta ɗaura zani a ƙugu, ta zauna can bakin rijiya tana wanke kwanuka.

Gwaggo Ƙarama ta gutsiri waina ba miya ta sa a baki. Ta daɗe tana taunawa, sai hawaye. Ta ɗaga murya yadda kowa zai ji ta ce wannan ita ce wainar mahaifiyarsu, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Allah ya yi wa 'yar nan albarka da ta riƙe abin gida bai taɓa fita hannun jini ba. Yabon da na shekara da shekaru ina jira ke nan, ga shi an yi min a gaban kowa. Na saci kallon bakin rijiya. Ta ji sarai, amma ko ɗagowa ba ta yi ba, tana ta cuɗa kwano da soso. Na ce a raina ba sai na yi magana ba, ai suyar tawa ce.

Da aka watse da yamma sai ga Gwaggo Ƙarama ta fito daga ɗaki da kwano a hannu. Ta ce a Zariya nasu ya mutu tun bayan mahaifiyarsu, yaran yanzu duk yis suke sawa, tana so ta koma da shi. Na gaya mata ƙa'idar yayarta. Ta yi salati ta ce ita da furfurarta? Amma ta zauna, ta soya tanda guda tana mita, biyu suka ƙone. Matan da suka rage suka kewaye mu, har da mai wanke kwanuka, ta tsaya a baya hannunta duk kumfa.

Na ɗebi ludayi na riƙe a kan kwanon. Na ce, "Wannan daga Zariya ya je Ikko, daga Ikko ya zo Nyanya." Sai na tsaya. Daga nan Gwaggo ke tsayawa, in na tsaya a nan ba wanda zai ce na rage komai, sai mutum ɗaya, ita kuma na san ba za ta tanka ba. Ƙullun na ɗiga daga bakin ludayi. Na ci gaba, wallahi kamar ana zare min haƙori.

"Daga Nyanya ya je Masaka. A Nyanya ya mutu sau biyu, sau biyu Masaka ta dawo da shi. Ke ina za ki kai shi?"

Gwaggo Ƙarama ta dube ni, ta juya ta dubi mai kumfa a hannu, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta gyara riƙon kwanon ta ce, "Gida."

Na zuba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya yalwata mata makwanci, Ya sa kowace waina da aka soya da irinta, da taushe aka ci ko da agushi, ta zame mata haske. Ni kuma Ya yaye min abin da ke raina, don har yanzu da nake rubutun nan bai gama fita ba. Tukunyar tana nan a kicin. Gobe da asuba zan ɗaga murfi in tambaye ta ko ta tashi lafiya.